Sawun Kamfas

Talata, 14 ga Agusta, 1990

Ruwa tun asuba, ɗakin baya na yoyo kamar kullum. Da ya ɗan tsagaita sai ga Florence, matar marigayi Nnaemeka direban jirgin ƙasa, da 'yarta Chinonye a bayanta. Ta ajiye kwanon miyar agushi kafin ta buɗe baki, nan na san akwai roƙo.

Lissafi ne. Yarinyar ta zauna jarrabawar sau biyu. Karon farko ta samu tara, faɗuwa warwas, don a awonsu ƙaramar lamba ta fi. Na biyu takwas. Kwalejin malamai ta Gidan Waya shida take so, abin da suke kira kiredit. Sauran darussan duk ta samu, wannan kaɗai ya riƙe ta. Za ta sake zama a Nuwamba.

"Baba Eli, wannan ne na ƙarshe," in ji Florence. "Disamba za mu bar kwatas, mu koma gida. In ya ci, ya dawo ya yi makaranta. In bai ci ba, ya zauna shagon ƙanina a Aba. Na gaji." Shekara talatin a Kafanchan, har yau 'yarta "ya" ce a bakinta.

Yarinyar a nan aka haife ta. Sau biyu ta taɓa ganin Aba, duka biyun zuwa jana'iza.

Na ce ni ba malami ba ne, mai zane ne. Shekara ashirin da shida a ofishin zane na reluwe, har ranar da aka tara mu aka ce mun tsufa. Ta ce ai shi ya sa ta zo, mijinta ya sha cewa babu hannu irin nawa. Nnaemeka ya mutu, ba zan ƙaryata shi ba. Na ce Litinin, Laraba, Juma'a, ƙarfe huɗu, kafin haske ya gudu.

Ban san me ya sa na yarda ba. Miyar dai ta yi daɗi.

Litinin, 20 ga Agusta

Ta zo da ƙawarta, ba wanda ya tambaye ni. Rahmatu, 'yar Alhaji Dogara mai hatsi a kasuwa. Ita ma Nuwamba za ta zauna. Ƙanwata Mildred ta fito musu da benci tana murna kamar an kawo mata jikoki.

Na duba kayan aikinsu. Gwangwanin lissafi irin na kasuwa, kamfas na rawa kamar haƙorin tsoho, rula duk ta sha cizo. Na shiga na ɗauko akwatina na kayan zane, wanda na saya a Legas a hamsin da takwas. Ban buɗe shi ba tun ranar da na bar ofis. Ƙarfen bai yi tsatsa ba. Ni ne dai.

Na gwada su da jeren lambobi. Turken waya na farko yana mita arba'in daga tasha, kowane na gaba ƙarin mita hamsin da biyar. Ina na ashirin yake? Dukansu suka ninka da ashirin. Shekara nawa a sakandare! Na ce kowacce ta ɗaga hannu ta ƙirga yatsunta. Biyar. Ta ƙirga ramin da ke tsakaninsu. Huɗu. Chinonye ta tsaya kallon hannunta kamar yau aka ba ta shi.

"Goma sha tara ke nan, Baba."

Dubu ɗaya da tamanin da biyar. Rahmatu ta ce malaminsu cewa ya yi a haddace kawai. Na ce na sani.

Juma'a, 24 ga Agusta

Idon hagu kamar ana leƙe ta cikin ledar burodi. Ban gaya wa Mildred ba.

Laraba, 29 ga Agusta

Jeren ninki. Na ba su misalin gida, irin na Kagoma. Doya ɗaya ka yanka iri uku, baɗi kowacce ka sake yanka uku. Ɗaya, uku, tara. Shekara ta shida nawa?

Chinonye ta samu, ɗari biyu da arba'in da uku. Rahmatu ta ce amsar ƙarya ce, ban cire wadda za a ci ba, ban cire ta ɓarayi ba. Mildred daga madafa ta ce kuma ba a cire ta coci ba. Suka yi ta dariya. Na ce in sun gama su gaya mini.

Chinonye ba daƙiƙiya ba ce. Tsoro ne ya cika ta. Ko ta samu amsa sai ta ɗago ta dubi fuskata kafin ta yarda da ita. Duk abin da na faɗa rubutawa take, har da tarina ina jin.

Laraba, 5 ga Satumba

Yau muka shiga zane, wurin da na fi kowa a garin nan, in ma akwai wanda ya damu.

Kusurwa sittin da kamfas da rula kaɗai. Sai casa'in. Sai a raba biyu a samu arba'in da biyar, a haɗa a samu saba'in da biyar. Kamfas yana barin 'yan bakuna inda ya bi, gajerun layuka masu gicciye juna, ta nan ake jan layin gaskiya. Sawun kamfas muke ce musu a ofis.

Da suka gama na ce to, a ɗauko kilina a goge sawun tas. Haka aka koya mana. Baturen da ke kanmu yakan ɗaga takarda ya duba ta a hasken taga, in ya ga ko ɗigon sawu sai ya yage ta a gabanka. Zanen da aka gama bai kamata ya nuna wahalar da aka sha a kansa ba. Shekara ashirin da shida ba a taɓa dawo mini da zane ba.

Rahmatu ta ce, "Baba, in mun goge, yaya mai maki zai san da kamfas muka yi? Ai sai ya ce ma'aunin kusurwa muka ɗora."

Na ce zai auna ya ga daidai ne.

"Ai da ma'aunin ma daidai zai fito."

Na ce mata layin da jirgi ke bi zuwa Jos na sake zana kwane-kwanensa tun ubanta bai iya riƙe mudu ba. Ta ɗauki kilinarta. Yaran yanzu. Chinonye kuwa har ta goge nata, tana hure garin kilinar.

Asabar, 22 ga Satumba

Hannun Chinonye ya faɗa. Takan ja layin ƙarshe, kafin fensirin ya taɓa benci kilina na hannunta. Takarda fes, kamar daga injin bugawa. Haka ubanta yake goge gilashin agogon inji, da gefen hannun riga, ba tare da ya duba ba.

Jiya ta tsaya bayan darasi tana taya Mildred ɓarar gyaɗa. Na ji tana cewa, "Mama, can suna ce mini 'yar Hausa, nan ana ce mini 'yar Ibo. Amma nan dai na san hanyar ko'ina." Ta ce so take ta koyar da 'yan firamare, ta sa su ƙirga ramin yatsu.

Na koma ɗaki. Ba na son irin wannan magana.

Litinin, 1 ga Oktoba

Shekara talatin da 'yanci. An yi fareti, ban je ba. Mu da aka ce mu ne za mu gina ƙasar.

Rahmatu ta daina zuwa, mahaifiyarta ta haihu, ita ke zaman shago. An huta da tambaya.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Da ma ban ɗauki littafin nan zuwa coci ba.

Bayan sujada na tare Gregory, yaron nan mai koyar da lissafi a sakandare, wanda ke zuwa Kaduna duk shekara yin makin jarrabawa. Na ɗauko littafin Chinonye ne don ya ga yadda ake zane. Gaskiya don in ƙure shi. Ya buɗe, ya juya shafi, ya sake juyawa.

"Baba, ina sawun kamfas ɗin?"

Na ce mun goge, mu ba ƙazamai ba ne.

Ya cire tabarau. "Baba, a wurin maki sawun ne maki. Ba zanen muke dubawa ba, hanyar muke dubawa. In babu sawu, an ce mu ɗauka ma'auni aka ɗora. Cikin maki goma sha biyu, da ƙyar ta samu biyu."

Na ce wane jahili ne ya kafa wannan doka. Ya ce tun kafin a haife shi take nan. Ya faɗa a hankali, da ladabi, har da ɗan rusunawa. Da ya yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi.

Maki goma. Tsakanin takwas da shida ke nan, ko ma fiye.

Ban ci abinci ba. Mildred ta ce ko zazzaɓi ne.

Litinin, 15 ga Oktoba

Ta zo. Na ce yau jeren lambobi za mu yi.

Laraba, 17 ga Oktoba

Me Gregory ya sani? Digiri na shekara uku, bai taɓa zana abin da mutum zai taka ba. In zanensa ya karkace babu jirgin da zai kife.

Ta kawo zane shida da ta yi a gida, ba ni na sa ta ba. Duk a goge. Ta ce, "Baba, duba, ko ɗigo babu." Na ce ya yi kyau.

Na ce ya yi kyau.

Juma'a, 19 ga Oktoba

Na aika Mildred ta ce mata ba ni da lafiya.

Laraba, 24 ga Oktoba

Da safe na je makarantarsu Gregory, na ce wucewa nake. Ya fito da tsohuwar takardar rabon maki ta bara, ya karanta mini, don rubutun ya yi wa idona ƙanƙanta. Maki biyu na sawun sittin. Maki biyu na sawun rabawa. Haka har ƙasa. A ƙarshe an ja layi a ƙarƙashin gargaɗin cewa dole a bar duk sawu a fili.

Ya ce a kan takardar tambayar ma ana rubutawa. Na tuna tsofaffin takardun da yaran suka kawo. Ban taɓa karanta ƙananan rubutun saman ba. Ba na ganin su, kuma ban tambaya ba. Chinonye ta gani, tabbas ta gani. Amma Baba Eli ya ce a goge.

"Saura sati uku, Baba," in ji shi. "Ku gaya mata yau."

Da yamma ta zo. Na buɗe baki. Muka yi jimlar jere.

Juma'a, 26 ga Oktoba

Na gaya mata. Wato na gaya mata wani abu.

Na ce labari ya zo daga Kaduna, bana an canza doka, yanzu so suke a bar sawu. Na ce kin san mutanen nan, kullum da sabon salo.

Ta ce, "Kai, Allah ya sa ka ji da wuri, Baba. Na gode."

Ta gode.

Kwana goma sha biyu na ɓata. Na ƙirga, har da ramin tsakani.

Litinin, 29 ga Oktoba

Hannun ya ƙi.

Na ba ta alwatika, gindi santimita takwas, kusurwa saba'in da biyar. Ta yi shi tsaf, ta ja layin ƙarshe, tana ba ni labarin wata 'yar ajinsu, hannun ya tafi da kansa. Kafin in ce kai, rabin sawun ya tafi. Ta dubi kilinar a hannunta kamar wani ne ya sa mata.

Muka sake. Na biyu ta tuna. Na uku ta tuna. Na huɗu na sa mata agogo, minti goma sha biyu, kamar a ɗakin jarrabawa. Ta goge.

Sati bakwai na yi ina dasa wannan abu, ina yaba mata duk ranar da ta yi shi. Yanzu ina so in tuge shi a sati biyu. Ban taɓa samun ɗalibi mai biyayya irinta ba, abin da ya kashe ta ke nan.

Asabar, 3 ga Nuwamba

Na tuna da Rahmatu. Sai yau. Na tafi kasuwa da sandata, ranar da ta fi cika, masu babur kamar za su hau kaina.

Na same ta tana auna dawa. Alhaji Dogara ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ce Malam da kansa. Na ce saƙo ne gajere, an canza doka bana, kada ta goge sawu.

Ta ƙarasa awon, ta ɗaure buhun, sannan ta ce, "Baba, ba a canza komai ba. Yana nan a rubuce tun takardar tamanin da biyar."

Na ce to ai shi ke nan, ta dai daina gogewa.

"Ni ban taɓa gogewa ba. Sama-sama nake ja da fensir mai tauri, in kaɗa kilina a kai don ka ji ƙara. Na lura ba ka gani." Ta sunkuyar da kai. "Na gaya wa Chinonye tun Satumba. Ta ce ita ba za ta yaudari Baba ba, Baba ya fi masu takardar sani."

Alhaji ya ce, "Ke, haka ake yi wa babba magana?" Na ce ya ƙyale ta.

Ya sa aka zuba mini acca a leda. Na riƙo ta har gida ban san ina riƙe da ita ba.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Zane takwas da agogo. Ta goge uku.

Na karɓe kilinar na sa a aljihu. Wata 'yar fara ce da ta cinye har ta zama kamar ƙwayar gurjiya. Hannun ya riƙa lalube a kan benci inda take zama.

Mildred ta ce, "Yaya, me ka yi wa yarinyar nan take rama?" Na ce jarrabawa ce. Ta dube ni irin kallon da mahaifiyarmu ke yi.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Gobe ne.

Ta ce in ba ta kilinarta, ko don wasu tambayoyin. Na ce a'a. Ta ce, "In na yi kuskure fa, Baba?" Na ce ki ja layi ɗaya a kai ki ci gaba, Gregory ya ce ba a rage maki don haka. Ta ce takardar za ta yi datti. Na ce bari ta yi.

Ni na faɗi haka. Da bakina.

Na ba ta kamfas ɗina na akwati. Mildred ta yi mata addu'a mai tsawo, har da ambaton Daniyel a ramin zakuna. Na ce amin don kada a ce ban ce ba.

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Na tsaya a gindin mangwaro, waje da shingen makarantar. Awa biyu da rabi. Mai gadi ya kawo mini bulo na zauna. Ta taga ana hango kawuna a sunkuye, ban iya gane wanne ne nata ba. Duk abin da na sani yana cikin kaina a wannan gefen shinge, ba shi da amfanin komai.

Rahmatu ta fara fitowa, ta ce alhamdu lillahi, zanen ya zo, jere ma ya zo.

Chinonye ta fito kusan a ƙarshe. Ta nuna mini babban yatsanta. Baƙi ƙirin.

Ta ce ta gama zanen daidai, alwatika da da'ira, komai ya haɗu. Ta ɗago ta dubi agogo, da ta sauke ido sai ta ga yatsan yana murza takardar. Har da miyau. Sawun ya dame, wuri ɗaya ya kusa hujewa. Ta roƙi wata takarda, mai tsaro ya ɗauki lokaci kafin ya kawo, ta sake zanen daga farko. Wannan karon ta zauna a kan hannun hagu, ta bar sawun.

Amma lokaci ya tafi. Tambayar jeren lambobi ita ta bari a ƙarshe, don ita ta fi iyawa. Layi ɗaya ta rubuta aka ce a ajiye fensir.

"Irin ta turken waya ce, Baba. Na san amsar. Ina tafe ina yin ta a kai."

Ta faɗa mini amsar. Daidai ne.

Ta mayar mini da kamfas, ta goge shi da gefen zaninta tukuna.

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Fasto ya yi wa'azi a kan furta zunubi. Na fita kafin a gama, na ce fitsari.

Alhamis, 20 ga Disamba

Sun tafi. Jirgin ya yi lattin awa biyar, muna zaune a tasha a kan ƙullin kayansu. A zamaninmu da an kira wani ofis. Ba komai.

Florence ta riƙe hannuna biyu. "Baba Eli, ka yi ƙoƙari, Allah ya biya ka. In bai ci ba ba laifinka ba ne. Kansa ne ba ya ɗauka, tun yana ƙarami haka yake da lissafi." A gaban yarinyar ta faɗa. Yarinyar ta dubi ƙasa.

Wuri ne na magana. An buɗe mini ƙofa har bango. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Florence ta rubuta mini adireshin shagon a bayan wata takardar coci, don in aika sakamako in ya fito. Da jirgin ya motsa Chinonye ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, kilinata fa?" tana dariya. Na ce ta ɓace.

Tana aljihuna.

Laraba, 6 ga Fabrairu, 1991

Ƙarfe huɗu ta yi, na fito da benci. Mildred ta dube ni, na mayar.

Talata, 9 ga Afrilu

Sakamako ya fito, an manna a allon makarantar. Na je na tsaya a gaban takardun, layuka ne kawai kamar tururuwa. Gregory ya zo ya karanta mini.

Rahmatu, huɗu.

Ya ja yatsa ƙasa. Ya tsaya. Na ce faɗi mana.

"Bakwai, Baba."

Na tambaye shi tsakanin bakwai da shida maki nawa ne. Ya ce ba a sani ba, yakan zama biyar, yakan zama ɗaya. Tambayar jeren maki nawa ce? Ya ce goma sha biyu. Sai ya ce, "Baba, ku zo ku zauna a ofis." Na ce ina da wurin zuwa.

Ba ni da shi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Da ma na gaya wa Chinonye ranar goma sha biyar ga Oktoba. Sati huɗu da rabi maimakon ƙasa da uku. Ko da hannun ya saki? Ba wanda zai iya lissafa wannan. Na gwada.

Tana can tana miƙa wa mutane kaya a kan kanta, ita da uwarta sun yarda kanta ne ba ya ɗauka.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na rubuta wa Florence. Aika sakamako ne kawai, ita ta ce in aika.

Na fara da cewa an samu canjin doka. Na ja layi a kai. Na rubuta cewa an samu rashin fahimta. Na ja layi. Na rubuta cewa mu tsofaffi. Na ja. A na huɗu na rubuta abin da ya faru, tun daga biyar ga Satumba, da kwana goma sha biyun, da abin da na faɗa wa yarinyar, da yatsan. Na ce ta karanta mata, ko ta ba ta ta karanta da kanta.

A ƙasa na sa lambobi uku. Tara, takwas, bakwai. Na ce ta tambayi 'yarta lamba ta huɗun. Na sani lamba uku ba hujja ba ce, da Rahmatu na nan da ta ce ban cire wani abu ba. Na bar shi haka.

Na ce akwai wata jarrabawar a Nuwamba. Na ce Mildred ce ke tambaya ko za a bar yarinyar ta zo ta zauna da ita. Na ce Gregory zai duba duk abin da na koyar kafin in koyar.

Na yi niyyar in kwafe ta a sabuwar takarda mai tsabta. Gidan waya na rufewa da sha biyu ranar Asabar, shi ya sa na aika ta yadda take, da layukan da komai. Kilinar ma na jefa a ambulan, tana cika mini aljihu.

Florence ta ce ta gaji, kuma ba ta cika canza magana ba. Wasiƙa zuwa Aba sati uku, in ta isa. Ban sa rai ba.

Da na dawo na kira mai gyaran rufi ya duba ɗakin baya. Damina ta kusa, ba wani abu ba.